Na Janye Hannuna Daga Akushin Baffa Jaji

Hajiya Zuwaira, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar nan. Sau uku ina fara rubuta ta ina gogewa. Ba rigimar aure ba ce irin wadda kika saba samu a filin nan, ba kuma ta gado ba. Maganar nama ce, da gona, da wani dattijo da na ci wa fuska, kuma na gaji da juya ta ni kaɗai a raina.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Dutse, ina zaune a Limawa da matata Ikilima da 'ya'yanmu huɗu. Asalina wani ƙauye ne kusa da Jahun. Can mahaifiyata take, muna kiranta Inna, tare da ƙanena Lado, wanda shi ke noma gonar da mahaifinmu ya bari. Ni ne babba, saboda haka tun da Baba ya rasu ba a yin komai a gonar sai an ji ta bakina, ko da yake rabona da riƙe fartanya tun ina sakandare.

Shekara uku da suka wuce aka auna ni aka ce ina da hawan jini. Likita ya ce in rage gishiri da kitse, in riƙa tafiya da ƙafa. Iyakar abin da bawan Allah ya faɗa ke nan. Amma na tsorata, don ciwon nan ne ya kwantar da Baba, sai na duƙufa bincike a waya. Kin san halin waya, in ka kalli abu ɗaya sai ta jero maka goma irinsa. Na ga dubban shanu a cunkushe cikin shinge a ƙasashen waje, ko juyi ba sa iya yi. Na ji masu bayani na cewa nama ne tushen kowace cuta, kuma iskar da shanu ke fitarwa na cikin abin da ke ɗumama duniya har damina ta rikice. Kafin wata biyu na bar nama, na bar kifi, na bar ƙwai da nono da man shanu, ni da aka yaye da fura da nono. Tumbina ya ragu, jinin ya ɗan sauka, sai na ɗauka na gano abin da ya ɓace wa duk mutanen Jigawa. Na zama mai wa'azi a ofis, har abokan aiki suka raɗa mini Malam Zogale, ni kuma ina jin daɗin sunan. Da Sallah na yanka ragon layya kamar kowa, amma ko tsoka ɗaya ban kai bakina ba.

Da abin ya tsaya a cikina ni kaɗai, da ban dame ki ba. Ga inda na yi ɓarnar.

Akwai wani Bafulatani, Baffa Jaji, sa'an Baba ne, da ke saukar da shanunsa a gonarmu duk kaka tun kafin a haife ni. Da an kwashe amfanin gona sai ya zo ya kafa bukka a gindin gawon da ke tsakiyar gonar. Shanu su ci kara da karmami, su kwana a wurin, bayan 'yan kwanaki a matsar da makwancinsu gaba, har sai kowace kusurwa ta sami taki. Babu takarda, babu ciniki. Ranar da ya sauka Baba kan aika masa da dami biyu na gero da goro da kanwa, matar Baffa ta kawo ƙwaryar nono da man shanu, a yanka zakara a gidanmu, Inna ta tuƙa tuwo. Daga nan mai gona da mai shanu su zauna a gindin gawon su ci a akushi ɗaya. Wannan cin abincin shi ne alƙawarin, kuma shekara arba'in ba wanda ya saɓa.

A kakar shekarar da na bar nama, Inna ta aiko in zo in zauna a mazaunin Baba kamar yadda na saba tun rasuwarsa. Na je. Aka shimfiɗa tabarma, aka buɗe akushi, Baffa Jaji ya yi bisimilla, ya turo mini cinyar zakaran gabana kamar yadda yake yi wa Baba. Hajiya, sai na janye hannuna. Da na ce likita ne ya hana ni, da dattijon ya yi mini addu'a an wuce wurin. Ina! Sai da na buɗe baki na yi wa sa'an mahaifina lacca, wai shanu na ɓata duniya, wai zamanin kashin shanu ya wuce, yanzu akwai takin zamani mai tsabta. Lado yana ta zungurina da gwiwa, ni kuwa kamar ana ƙara zuga ni. Baffa Jaji ya yi loma biyu, ya wanke hannu, ya yi godiya, ya tambayi lafiyar 'ya'yana ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Bayan kwana uku ya kaɗa shanunsa zuwa gonar maƙwabcinmu, kuma bai sake saukar mana ba.

Ni kuwa da nake so in nuna ban yi kuskure ba, da damina ta zo sai na kai buhunan takin zamani, na haɗa da injin feshi na goyo da maganin kashe ciyawa, na ce a ƙara wake da waken suya saboda su ne namana yanzu. Kada ki tambaye ni yadda mai kukan lalacewar duniya ya ƙare da goya wa ƙanensa guba a baya, don ni ma har yau ina tambayar kaina. A lokacin dai gani nake duk abin da ya zo a kwalba da rubutun Turanci ilimi ne, abin da ya fito daga bayan saniya kuma jahilci ne.

Damina ta farko gero ya yi kyau, na yi ta cika baki, ban san ragowar takin shanun Baffa ne ke rufa mini asiri ba. Ta biyu sai da aka ƙara taki kafin a sami kusan abin da aka saba. Bana kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Muguwar ciyawar nan wuta-wuta ta cika gonar, geron ya tsaya iya ƙugu, zangarniya kamar yatsa. Ƙasar da na sani mai duhu da danshi ta koma farin rairayi, in an yi ruwa da safe kafin la'asar ta bushe. Na sa hannu na tona, ban ga tana ko ɗaya ba, ban ga buzuzu ba. Gonar maƙwabcinmu kuwa, inda shanun ke kwana yanzu, iyaka ɗaya ce ta raba mu, amma in kin tsaya a kan iyakar sai ki rantse ba ruwan sama ɗaya ya sauka musu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganyen Inna. A gonar nan lalo da karkashi da tafasa da rama kan fito da kansu tsakanin kunya, ba mai shuka su. Mai noma da fartanya ya san su, yana tsallake su, Inna da matan gida su tsinka su yi miya, saura su shanya don rani. Maganin feshi kuwa bai san kowa ba. Shekara uku ke nan tsohuwar nan tana roƙon ganye a gonakin mutane. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Sau ɗaya dai, ina cin tuwo da miyar kuka a ɗakinta, ta ce ita abin da ya ɗaure mata kai, wanda ya ce ganye kaɗai zai ci shi ne kuma ya aiko aka kashe ganyen. Shi ma Lado duk ranar da ya yi feshi sai ya wuni da ciwon kai, bayan hannunsa ya yi ta saɓa, don ba shi da abin rufe hanci ko safar hannu, ni kuma ban taɓa tunanin in kai masa ba.

Jikina ma ba daɗi. Kullum a gajiye nake, in na hau benen ofis sai na tsaya na huta a tsakiya, tafin ƙafata yana yi mini kamar kiyashi na tafiya a ciki. Ikilima ta gaji da ɗora tukunya biyu. Kuma bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba: wata uku da suka wuce na shiga kicin ba kowa, na buɗe tukunyar yara na ɗauki tsokar nama na cinye a tsaye, kamar ɓarawo a gidan kaina. Ashe Ikilima ta gano ni, don tun daga ranar, duk sanda ta dafa nama sai in tarar da tsoka ɗaya a ƙaramin kwano a bayan tukunya, an rufe. Ina ci, ba ma zancen. Gobe kuma in je ofis a kira ni Malam Zogale in amsa.

Abin da ya sa na rubuto yanzu shi ne, shekaranjiya Lado ya kira ni. Ya haɗu da Baffa Jaji a kasuwar Jahun. Dattijon ya tambayi lafiyar Inna, ya tambaya ko gawon nan yana nan, ni kuwa bai ambace ni ba. Lado ya roƙe shi ya dawo mana bana, sai ya yi murmushi ya ce ai ba da Lado ya ci tuwo ba, ba kuma Lado ne ya janye hannu ba. Ya ƙara da cewa 'ya'yansa na matsa masa su tattara su yi kudu gaba ɗaya, don yanzu manoma da yawa kwashe karansu suke yi, wurin sauka yana ta ƙaranci. Nan da mako biyu za a gama kwashe amfani. In bai sauka a gonarmu wannan kakar ba, jikina yana ba ni ba zai sake sauka ba har abada.

To ga ni nan, Hajiya. In na je, na san za a sake buɗe akushin nan, kuma duk ƙauyen zai ji cewa Malam Zogale ya ci zakara. Kunya kamar ta kashe ni. Wani ɓangaren zuciyata kuma har yanzu yana cewa ba duk abin da na karanta ne ƙarya ba, don na ga shanun nan na cikin shinge da idona, kuma damina ta rikice da gaske. Na rasa gane ko barin naman ne kuskure, ko noman zamanin, ko ni kaina. In je ko in aika? In an turo mini cinyar, in ci ko in ba da uzuri? Na gaji da zama mai gaskiya a baki alhali gonar ubana tana mutuwa.

Naki,
Mai gonar da ta gaji, Limawa, Dutse.

Amsar Hajiya Zuwaira

Ɗana, na karanta wasiƙarka sau biyu. Na yi dariya a wurin ƙaramin kwanon nan, na kuma yi shiru a wurin ganyen Inna. Kafin komai ka gaishe mini da Ikilima, ka riƙe ta da kyau, don macen da za ta kama mijinta yana satar nama ta rufa masa asiri da kwano ba a kowane gida ake samunta ba.

Ka haɗa abubuwa uku ka ƙulle wuri ɗaya, shi ya sa suka yi maka nauyi. Bari mu kwance su.

Na farko, barin nama. Ba laifi ba ne mutum ya ce ba zai ci nama ba, matuƙar bai haramta wa kowa abin da Allah ya halatta ba. Haka na ji daga malamai, kai ma kana iya tambayarsu. Kuma ba duk abin da ka gani a waya ne ƙarya ba. Yawan kitse yana cutar da mai hawan jini, ganye da wake abinci ne na gari, kuma irin kiwon da ka gani na cunkusa dabbobi yana da illa ga dabbar da ƙasar. Inda ka kauce shi ne, ka ɗauko hukuncin da aka yanke wa waɗancan shanun ka ɗora wa na Baffa Jaji, masu cin karan da kai ba za ka iya ci ba, su bar maka taki a madadinsa. Masu bayanin nan ba su taɓa taka jigawar Jahun ba. Likitanka ya ce ka rage, kai kuma ka yanke gaba ɗaya, garin neman gira kana neman rasa ido.

Gajiyar nan da kiyashin ƙafa kada ka yi wasa da su. Akwai sinadarin da jini da jijiyoyi ke bukata wanda galibi daga nama da kifi da ƙwai da nono ake samunsa, kuma wanda ya bar su duka sai an ba shi ta wata hanya. Ni ba likita ba ce, ba zan ce shi ne ciwonka ba. Ka koma asibiti cikin makon nan a auna jininka, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da kake ci da abin da ka bari shekara uku, kada ka rage komai. Abin da ya ce, shi za ka bi, ba waya ba.

Na biyu, gonar. Ba zan ce maka takin zamani guba ne ba, don ya ciyar da gidaje da yawa, kuma Lado shi kaɗai ba zai iya nome gonar nan da fartanya ba. Amma ni 'yar manomi ce, na san rairayi irin namu. Takin zamani shuka yake ciyarwa, takin gida kuma ƙasar yake ciyarwa, shi ke sa ta riƙe ruwa. Su biyun tare ake so, ba ɗaya ya kori ɗaya ba. Ku nemi malamin gona ya dubo muku wuta-wutar nan. Maganin feshi ku rage shi iya abin da ya zama dole, a bi yadda aka rubuta, ka kai wa ƙanenka abin rufe hanci da safar hannu da takalmi, shi ma ya je a duba hannun nan nasa. Sannan a ware wa Inna kunya goma ko ashirin da feshi ba zai taɓa ba, a nemo mata irin lalo da rama a watsa. Kada kuma ka sa ran gonar za ta farfaɗo a damina ɗaya. Shekara uku kuka yi kuna ci daga jikinta, sai ku yi mata haƙuri.

Na uku, kuma shi ne babba, Baffa Jaji. Ɗana, ba don ka ƙi cin zakara dattijon nan ya tafi ba. Ya tafi ne don ka zauna a mazaunin amininsa ka gaya masa rayuwarsa ɓarna ce. Ka kuma lura, bai ce ba zai dawo ba. Cewa ya yi ba Lado ne ya janye hannu ba. Mai kunya irinsa ba zai buɗe maka ƙofa fiye da haka ba, kuma tambayar gawon da ya yi ba itacen kaɗai yake tambaya ba.

Saboda haka kada ka aika, zuwa da kai ya fi saƙo. Kada kuma ka jira ya zo gona, kai za ka same shi a rugarsa, wannan Asabar ɗin, ba ta sama ba. Ka tafi da Lado, ka riƙe goro da kanwa da dami biyun nan na gero, ko da geron bana bai yi auki ba. Shi ma yana da ido, ya ga gonar. Ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ka yi kuskure, ya yafe maka. Iyakarta ke nan. Ban da bayani, ban da ɗumamar duniya, ka riga ka yi laccarka shekara uku da suka wuce. Durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa uba. Zai yiwu ya ce ya riga ya yi wa maƙwabcinku alƙawari, ko 'ya'yansa su rinjaye shi su tafi. In haka ta faru, ka karɓa, ka dai sauke nauyin da ke kanka, sai ku fara tara takin awaki da na gida kafin damina.

Batun kunyar ƙauye kuwa, mutanen ƙauyenku sun riga sun ga geronka iya ƙugu, babu sauran abin ɓoyewa. Za su yi dariya kwana biyu su manta. 'Yan ofis ma in sun kira ka Malam Zogale ka amsa, zogale bai yi wa kowa laifi ba.

Ka tambaye ni in an turo maka cinyar ka ci ko ka ba da uzuri. Da a ce har yanzu ba ka cin nama da gaske, da na ce ka sa hannu a tuwon ka gaya masa lalurarka cikin ladabi, zai fahimta. Amma kai da bakinka ka ce wata uku kana cin na bayan tukunya. Wanda ke cin nama a tsaye a ɓoye a kicin, ba shi da uzurin ƙin ci a zaune a gaban aminin ubansa. Ka cire fatar saboda hawan jinin, ka yi bisimilla, ka ci. In ka dawo gida kuma ka ce wa Ikilima ta daina wahalar da ƙaramin kwano, ta zuba maka naka a faranti tare da na yara.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyar Baffa Jaji, ya raya gonar Baba, ya nuna wa Inna ranar da za ta sake tsinkar lalo a gonar mijinta.

Hajiya Zuwaira